Ga 'yar'uwar da aka ce wa "ai an gyara ki tun tuni"

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Kin ce an haife ki da ciwon hanjin nan na Hirschsprung, an yi miki tiyata tun kina jaririya, yanzu kin girma kina aikinki, amma har yau bahaya kan zubo miki ba tare da kin sani ba. Kin daina shiga taro, barci ya ƙaurace miki, a gida kuma sai a ce ai an gyara ki tun tuni, me ya rage? Kika tambaya ko ke kaɗai ce, ko kuwa ƙwaƙwalwarki ce ta fara taɓuwa.

Ba ke kaɗai ba ce, ƙanwata, kuma ba taɓuwa ba ce. Ni ma da shi aka haife ni, na kuma girme ki nesa ba kusa ba. Kusan jariri 1 cikin 5,000 ne ke zuwa duniya da shi, maza sun ninka mata wajen sau 4, shi ya sa mu mata muke daɗewa ba mu haɗu da irinmu ba. Akwai kuma waɗanda aka haifa babu ƙofar dubura, yawansu ya yi kusa da namu, damuwarmu kuma iri ɗaya ce.

Maganar "an gyara ki" ita ta fi ci mini rai. Abin da ke faruwa a cikinmu shi ne, ƙarshen babban hanji ba shi da ƙwayoyin jijiyar da ke sa shi motsawa ya tura bahaya waje. Likitan ƙasar Denmak, Harald Hirschsprung, ya yi bayanin ciwon tun 1886, amma sai a 1948 Orvar Swenson ya fito da tiyatar da ake yanke wannan ɓangaren a jawo mai lafiya a haɗa. Tiyatar ta ceci rayukanmu, babu ja. Sai dai likita in ya ce ta yi kyau, nufinsa yaro ya rayu, hanya ta buɗe. Bai ce za ki iya zama awa uku a ɗakin taro hankalinki kwance ba. Iyayenmu sun ji rabin farko suka yi hamdala, mu kuma aka bar mu da sauran.

Ki duba yadda muka taso. Yaro yana koyon ɓoye kamfai tun kafin ya iya karatu. Yana zama a bayan aji, kusa da ƙofa. Ko yara ba su tsokane shi ba, kullum jira yake a tsokane shi. Wasunmu an riƙa duba mu ana saka mana ƙarfen faɗaɗa dubura muna kuka, babu mai yi mana bayani, don a lokacin ana ganin yaro zai manta. Jiki bai manta ba. Har na yi aure gabana kan faɗi in na ji warin asibiti. Mutumin da ya shekara ashirin yana gadin jikinsa dare da rana, ina mamaki in ya girma da fargaba? Ni ban taɓa shiga wuri ba tare da idona ya fara neman ban-ɗaki ba. A ganina ɓoyon ma ya fi ciwon gajiyar da mu, domin ciwon yakan lafa, shi kuwa ɓoyon ba ya hutu.

Shawarata ita ce ki kama abin ta fuska biyu lokaci guda, kada ki jira ɗaya ya warware kafin ki taɓa ɗayan.

Ta fuskar hanji, kada ki yarda cewa haka za ki ƙare. Yawancinmu likitan tiyatar yara ya sallame mu muna 'yan shekara goma sha, ba a miƙa mu ga kowa ba, likitocin manya kuma da yawa ba su saba da ciwon ba. Ki nemi likitan da ya ƙware a babban hanji da dubura, ki tafi da takardun tiyatarki in suna nan. Sau da yawa yoyon nan ba sakin dubura ba ne, maƙarƙashiya ce: bahaya ya taru ya daskare, mai ruwa ya riƙa bi ta gefensa yana fita. Mai irin wannan in ta sha maganin tsayar da gudawa ƙara wa kanta wahala za ta yi, don haka sai an duba. Akwai tsarin wanke hanji da ruwa ta dubura a lokaci ɗaya kullum, wanda kan ba mutum yini guda a tsabtace. Akwai kuma tiyatar Malone, tun 1990 ake yin ta, inda ake buɗe 'yar ƙaramar hanya ta afendis, wato ɗan reshen da ke farkon babban hanji, a riƙa zuba ruwan daga sama. Ni tsarin wankewar ne ya karɓe ni. Da na san abin da cikina zai yi gobe, rabin fargabata ta tafi.

Rabin ne kawai fa. Sauran sai da na zauna da mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Na ɗauka zan je in yi maganar baƙin ciki, sai na tarar da fushi ne cike da ni, fushin yarinyar da ba a taɓa tambayarta yadda take ji ba. A can na koyi rarrabe abin da ya faru da abin da nake tsoron zai faru, na kuma fara komawa cikin mutane kaɗan-kaɗan. Ciki da zuciya suna jin juna: damuwa na murɗa hanji, hanji in ya rikice damuwa ta ƙaru. Rashin barcin da kika ambata ya dame ni. In kin kai mako 2 cikin ƙunci kusan kullum, abin da kike so a da ya fita ranki, wannan ciwon damuwa ne da ake magani, ki faɗa wa likita kai tsaye. In aka rubuta miki magani ki tuna masa da hanjinki, don wasu kan jawo maƙarƙashiya, wasu gudawa. In kuwa tunanin raba kanki da duniya ya taɓa zo miki, yau ɗin nan za ki gaya wa wani ki je asibiti, kada ki kwana da shi.

Batun wa za ki faɗa wa, ba kowa ne ya cancanci sirrinki ba, kuma babu wanda yake bin ki bashin bayani. Amma mutum ɗaya dai ya kamata ya sani. Mai neman aurenki kuwa, in magana ta yi nisa, ki faɗa masa a taƙaice, ba cikin neman gafara ba: an haife ni da matsalar hanji, an yi mini aiki, ga yadda nake kula da ita. Mijina tambayoyi ya yi, na amsa wanda na sani, sauran muka kai wa likita tare, har da batun haihuwa da yiwuwar gado.

Ki ɗan ƙara mini bayani in ba za ki damu ba: yoyon da dare ya fi zuwa ko da rana, kuma kwana nawa kike yi ba ki fita bahaya sosai ba? Ki rubuta wannan na mako biyu kafin ki ga likita, shi zai fara tambayar ki.