Tambayoyinku kan fasaha: hoton ɗan injin jirgin sama da wayar hannu

Tambayar farko ta wannan makon daga wani mai gyaran babur take, a unguwar Zariya nan Maradi. Ga abin da ya rubuto:

"Malam, barka da aiki. Na sayi kwalin tarkacen kayan gwanjo, sai na tarar da wani ɗan inji a ciki, bai cika tafin hannu ba, amma da silinda da fistin da tanki har da farfela. Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya bincika, ya ce injin jirgin sama ne na wasa, ƙirar Cox, kuma masu sha'awar irinsa a ƙasashen waje suna gasar hoto. Na ɗauka da Tecno ɗina ya fi sau talatin, duk dishi-dishi, ƙarfen kuma sai ƙyalli kamar madubi. Sai na yi hayar kyamara ke nan?"

Maigida, ajiye kuɗinka. Wayarka ta isa.

Da na karanta saƙon ban iya zama ba, na hau kabu-kabu na je garejin da kaina don in ga abin. Ya fito da shi daga gwangwanin madara, naɗe cikin tsumma. Silinda baƙa, tankin alminiyum ya dusashe, man da ya bushe a jikinsa ya yi ja-ja yana danƙo kamar tsohuwar zuma. Na juya farfelar da yatsa, sai na ji ta cije sannan ta wuce da ɗan sauti, alamar fistin yana riƙe iska har yanzu. Babe Bee ne, wanda kamfanin Leroy Cox na Kalifoniya a Amurka ya fara fitarwa a 1956. Lambar .049 da ake kiransa da ita girman cikin silindar ne da ma'aunin inci, wato wajen sisi (cc) 0.8. Kai da kake buɗe injin sisi 125 kullum ka san abin da wannan ke nufi: sai an tara irinsa sama da 150 kafin su kai babur ɗaya. Kamfanin ya daɗe da daina ƙera su, shi ya sa masu tara su ke ririta kowane guda. Jan man nan kuwa man zurma ne, zurmar da ke fitowa a bakin gulbi da bayan gida, da shi ake haɗa man waɗannan injuna.

To, me ya sa hotunanka suka lalace? Na duba su a wayarka, laifi uku ne, kuma babu na wayar a ciki.

Na farko shi ne matsawa kusa da yawa da ka yi. Babbar kyamarar waya tana da iyakar kusancin da take iya gani sarai, galibi wajen santimita 10. In ka wuce nan, ko ka taɓa allo sau ɗari ba za ta kama ba. Ja baya zuwa kamar taƙi ɗaya, ka taɓa kan silinda a allo, ka danne yatsa har ta kulle a wurin, daga baya ka yanke gefen hoton. Na ga kuma ka gwada ƙaramar kyamarar makro, wato ta ɗaukar abu kusa-kusa. A yawancin wayoyin da muke saye a kasuwa megafiksil 2 ce kawai, hotonta fiksil (ɗigon hoto) 1600 ne a tsawo da 1200 a faɗi, alhali babbar tana ba ka wajen 4000 da 3000. Ko ka yanke rabin hoton babbar ka zubar, abin da ya rage ya fi na makron. Ka manta da ita. Haka ma tsarin Portrait: manhaja ce ke ƙagen dusashewar baya, kuma ba ta gane siraran abubuwa, sai ta haɗiye allurar mai da bakin farfela ta ɗauka bango ne.

Na biyu hannu. A wannan kusancin, numfashinka kaɗai yana girgiza hoto. Jingina wayar da bulo ko ka ɗaure ta da roba a jikin gorar ruwa, ka sa agogon ɗauka na daƙiƙa 3, ka janye hannu.

Na uku shi ne haske, kuma a nan gasar take. Na ga ka kunna filasha a cikin gareji. Filasha ɗan ɗigon haske ne mai ƙarfi, alminiyum kuma abin da ya gani shi yake mayarwa, sai ka sami farin tabo a tanki, sauran wurin baƙi ƙirin. Ranar tsaka ta Maradi ma haka take yi, har ta fi. Ƙarfe mai sheƙi yana son haske mai faɗi, mai laushi, wanda ya zo daga gefe. Abin da muka yi a garejin shi ne muka kai teburin bakin ƙofa wajen ƙarfe biyar na yamma, inda rana ba ta bugu kai tsaye, muka rataya farin yadi tsakanin ƙofar da injin, muka jingina farar takarda a ɗaya gefen don ta mayar da haske cikin inuwa. Nan take ramukan da ke jikin silinda suka fito ɗaya bayan ɗaya, har zaren ƙusoshin ana ƙirgawa. Yaron shago da ke riƙe da yadin sai da ya leƙo allo ya ce, "Ashe haka yake?" In lokacin hunturu ne ma ba ka buƙatar yadi, hazo ya riga ya tace maka rana. Sai dai ƙura: ka goge idon kyamara da tsumma mai laushi kafin kowace ɗauka, ka kaɗe injin da busasshen buroshin haƙori, domin ƙwayar ƙurar da idonka bai gani ba a hoto takan fito kamar tsakuwa.

In wayarka tana da tsarin Pro, na saita kyamara da hannu, sauke ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, zuwa 100 ko ƙasa, tunda wayar a kafe take ba abin da zai girgiza. Rage haske kaɗan har farin da ke kan tanki ya daina cin ido. Wurin da ya yi duhu ana iya ɗago shi daga baya, wanda ya ƙone fari fat ya tafi ke nan.

Wata shawara da ba ta waya ba ce, amma ina riƙe da ita da gaske. Ka ce za ka wanke injin da fetur ka goge shi da sandifefa ya yi sabo. Don Allah kada ka yi. Masu wannan sha'awa sun ga sababbi a kwali ba adadi. Abin da ba su taɓa gani ba shi ne Babe Bee da ya sha duniya har ya iso Maradi. Mun shimfiɗa jar fata, ta akuyar nan tamu da aka san garin da ita har Turai, muka ɗora shi a kai, muka ajiye ƙwayar gujiya biyu da dala ashirin a gefe don mai kallo ya gane ƙanƙantarsa. Wannan hoton ba wanda zai iya ɗaukarsa a Jamus.

Tambaya ta biyu daga wata malamar makaranta ce a Ali Ɗan Sofo:

"Ɗana yana haɗa ƙananan jirage da kwali da motar rediyo. Ya ɗauki hoto da wayar kawunsa, aka turo mini ta WhatsApp, na aika wa masu wata gasa ta imel. Sun maido sun ce hoton ya yi ƙanƙanta. A wayata kuwa garau yake. Ina matsalar?"

Malama, Allah ya raya mana shi. Matsalar a hanya ta faru. Duk hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar tana matse shi don ya rage cin data, ta rage tsawonsa zuwa wajen fiksil 1600, abin da ya fito daga kyamara da megabait 3 ko 4 ya iso miki bai kai rabin megabait ba. A allon waya ba za ki lura ba. Amma irin waɗannan gasa sau da yawa kalanda ake bugawa da hotunan da suka ci, kuma bugu mai kyau a takardar A4 yana son fiksil 3508 da 2480. Kin ga nisan.

Ki koma wayar kawun, nan asalin yake. Ya tura kai tsaye ta imel daga can, ko in WhatsApp ɗin ne dole, ya danna alamar maƙala ya zaɓi Document, ya nemo hoton ta nan. Haka zai iso yadda yake. Maɓallin HD da aka ƙara a 2023 ya fi na da, amma shi ma yana matsewa. In iPhone ce, akwai wani abu kuma: tun 2017 tana ajiye hoto da tsarin HEIC, wanda wasu kwamfutoci ba sa buɗewa. A shiga saitin kyamara, wajen Formats, a zaɓi wanda ya fi dacewa da kowa, sai ta riƙa ba da JPEG.

Ki kula da abu ɗaya tunda yaro ne. Asalin hoto yana ɗauke da ɓoyayyen bayani da ake kira EXIF: irin wayar, rana da sa'a, kuma in an kunna wuri, har inda aka tsaya aka ɗauka, wato ƙofar gidanku. A kashe alamar wuri a saitin kyamara kafin ɗauka. Sauran bayanin a bar shi, alƙalai na duba shi don su tabbatar hoton naku ne.

Wani ɗalibi daga Tibiri ya tambaya ko zai iya gyara hotonsa da manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira da ke mayar da hoto tangaran.

Ƙanena, karanta dokar gasar tukuna, kowace da tata. Yanke gefe, daidaita haske, miƙe hoton da ya karkace, da manhajar Snapseed za ka yi su kyauta, kuma da wuya a hana. Amma waɗancan manhajojin ba gyara suke ba, zane suke yi a kan abin da suke zato. Na gwada ɗaya a kan hoton injin garejin nan, ta ƙara wa silindar layin da babu shi, ta murɗe kan ƙusa. Mutanen da za su duba hotonka sun kwance irin wannan inji sau ɗari, kallo ɗaya za su gane. Ni ban yarda da shi ba ko da doka ta yi shiru.

Mai garejin ya sake kirana da dare, ya ce yana so ya tayar da injin ya ɗauke shi yana aiki. Na fahimci zumuɗin, ni ma ina son jin kukansa. Amma maigida, ka saurare ni. Ba fetur yake sha ba. Mansa haɗin metanol ne da man zurma da ɗan nitirometan. Fulogin da ke kansa ba tartsatsi yake yi ba, siririyar wayar filatinum ce a ciki, ana ɗumama ta da batir mai bolt 1.5, in inji ya tashi a cire batir, metanol ɗin da zafin ƙuna su ci gaba da riƙe ta ja. Ka jona mata batirin babur mai bolt 12, ta ƙone kafin ƙiftawar ido, kuma ba za ka sami wata a babbar kasuwa ba. Metanol guba ne, yana makantarwa, wutarsa da rana kusan ba a ganinta. A nisanta shi da yara da murhun mai shayi.

In Allah ya sa ka sami man da ya dace, ka ɗaure injin da ƙusoshi a katako mai nauyi, kada ka riƙe a hannu. Ka tsaya ta baya, ba a gefen da farfela ke juyawa ba. Game da hoton kuwa, yi lissafi da ni: mu ce tana juyawa sau 15,000 a minti, sau 250 ke nan a daƙiƙa. Ko ka sa saurin ɗauka a kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, ta riga ta yi rubu'in zagaye. Don haka kada ka wahalar da kanka wajen tsayar da ita. Sa 1/125, ka kafe wayar, ka bar farfelar ta zama da'ira mai haske, injin kuma ya fito sarai a tsakiya, hayaƙin ya fi fitowa in bayan duhu ne kuma haske ya zo ta baya. Man zurma yana fesowa, zai shafe idon kyamara, ka ja baya kamar kamu biyu ka yanke daga baya.

Saƙo na ƙarshe ya tayar mini da hankali. Wata baiwar Allah daga Sabon Gari ta ce an turo mata mahaɗi wai ta zaɓi hoton ɗan ƙawarta a gasa, shafin ya nemi lambar wayarta, sannan ya nemi lambobi 6 da suka shigo mata ta saƙo. Ta tsaya ta tambaya tukuna.

Hajiya, kin kyauta da kika tsaya. Lambobin nan mabuɗin WhatsApp ɗinki ne. Da kin ba su, da sun ɗauke asusun sun shiga roƙon kuɗi a wurin ƴan'uwanki da sunanki, kuma alama ta nuna abin da ya sami ƙawar taki ke nan. Kira ta a layi, ba ta WhatsApp ba, ki shaida mata ta sake shigar da lambarta a manhajar don ta karɓe asusun. Ke kuma yau ɗin nan ki shiga saiti, wajen asusu, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki sa lambar sirri da imel ɗinki. Gasar masu sha'awa ta gaskiya hoto take nema da sunan mai shi, wani lokaci da ɗan bayanin injin. Duk wadda ta nemi lambar da ta shigo miki ta saƙo, ko ta ce a tura kuɗi kafin a saki kyauta, ki rufe shafin, ki goge mahaɗin, ki gargaɗi wanda ya turo.