Wai lissafi ɗaya ne ke hango karyewar kamfani, annoba da zinare a ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji uku, ina karanta ƙididdiga. Wani malaminmu ya ce lissafin da muke koyo da shi ake gane kamfanin da zai karye, da inda annoba za ta kai, har da inda zinare yake a ƙarƙashin ƙasa. Ni dai wallahi abin ya yi min kama da duba. Ya abin yake, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Malaminku gaskiya ya faɗa, kuma ba duba ba ne. Boka cewa zai yi gobe kaza zai same ki, mu kuwa iyakarmu mu ce cikin ɗari masu irin wannan alamar, kaza ne suka saba faɗuwa. Kin taɓa ganin mai sayen masara a Dawanau? Ɗan ƙarfen nan yake soka wa buhu sama da tsakiya da ƙasa, ya zuba ƙwayar a tafin hannu ya duba, shikenan ya yanke wa buhun gaba ɗaya hukunci bai kwance shi ba. To aikinmu kenan, sai dai mu muna ƙara faɗin iya kuskuren da za mu iya yi.

Na zinaren ƙarƙashin ƙasa ya fi kusa da wannan. Wani injiniya a Afirka ta Kudu, Danie Krige, a 1951 ya lura cewa a ramukan zinaren Witwatersrand wurin da aka ƙiyasta yana da zinare sosai in an haƙa sai a samu bai kai ba, wanda aka raina kuma sai ya fi yadda aka zata. Sai ya fito da hanyar auna ramukan gwaji, na kusa a ba shi nauyi fiye da na nesa, daga baya Bafaranshe Georges Matheron ya gina mata cikakken lissafi ya sa mata sunan Krige ɗin. Har yau da ita masu mai da masu ma'adinai suke zana taswirar abin da ido bai gani ba.

Na kamfani kuma Edward Altman ne na Jami'ar New York a 1968. Ya ɗauki kamfanoni 66, 33 da suka karye da 33 da suke tsaye, ya duba littafansu ya tsamo ma'auni biyar, irin su jarin juyawa da riba da ciniki idan an gwada da kadara, da darajar hannun jari idan an gwada da bashi, ya haɗa su suka ba da lamba ɗaya da ake kira Z-score. Ƙasa da 1.81 kamfani na bakin rami, sama da 2.99 lafiya lau, tsakani kuma sai a sa ido. Amma ki lura, alƙali ba da wannan lambar yake hukunci ba. Doka tambayarta ita ce, shin kamfanin ya kasa biyan bashin da lokacinsa ya yi? Lambar tana yi wa banki da lauya da akanta amfani ne wajen shawara, a ceto shi ko a sayar da kadara a raba wa masu bin bashi, kuma tunda dokar kamfanoni ta CAMA 2020 ta buɗe ƙofar ceto a Najeriya wannan shawarar ta ƙara nauyi. In kuma littafan ƙarya aka rubuta kamar na kamfanin Enron na Amurka da ya rushe a 2001, to lissafin ma ƙarya zai ba ki, kwamfuta ba ta san an cuce ta ba.

Na annoba shi ne na fi so a aji. Kermack da McKendrick a 1927 suka raba jama'a gida uku, waɗanda za su iya kamuwa, masu ɗauke da cutar, da waɗanda suka warke ko suka rasu, sai a bi yadda mutane ke ƙaura daga wannan gida zuwa wancan. Daga nan ake samun adadin mutanen da mai cuta ɗaya ke shafa wa. Ƙyanda tana kai 12 zuwa 18, shi ya sa sai an yi wa kusan kashi 95 cikin ɗari rigakafi kafin ta daina yawo a gari.

To ga inda ukun nan suka raba hanya, kuma nan nake so ki riƙe sosai: dutse ba ya sauraron rediyo, mutum kuwa yana ji. Ki ce akwai zinare a wuri, zinaren ba zai gudu ba. Amma a Satumbar 2014 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce in ba a ɗauki mataki ba masu Ebola a Laberiya da Saliyo za su iya kai miliyan 1.4 zuwa Janairun 2015, ƙarshe duka annobar ta tsaya wajen mutum 28,600, sai mutane suka dinga cewa ai masu lissafi sun kwafsa, alhali an manta da "in ba a ɗauki mataki ba" ɗin, kuma tsoron lambar na cikin abin da ya sa aka kawo kuɗi da likitoci aka canza yadda ake jana'iza. A Najeriya ma mutum 20 ne suka kamu, 8 suka rasu, saboda an bi sawun duk wanda ya yi mu'amala da mai cutar. A kamfani abin juyewa yake, banki ya ji an ce wane na tangal-tangal sai ya rufe masa bashi, masu kawo kaya su ce sai kuɗi hannu, kamfanin da da zai farfaɗo sai ya mutu da gaske, a ce ai lissafi ya faɗa.

Ko a hasashen abin da ke ƙarƙashin ƙasar ma lissafi yana da iyaka fa. Girgizar ƙasa muna iya cewa duk ƙarin mataki ɗaya a girmanta yawanta na raguwa kamar sau goma, amma rana da sa'a babu mai iya faɗa. Bayan girgizar L'Aquila a Italiya a 2009 da ta kashe sama da mutum 300, kotu a 2012 ta yanke wa masana shida da jami'i ɗaya ɗaurin shekara shida kan sun kwantar wa jama'a hankali fiye da kima kafin girgizar, sai a 2014 aka wanke masanan a ɗaukaka ƙara.

Maganar ta ina za ki fara, ki sauke manhajar ƙididdiga mai suna R, kyauta ce kuma ko tsohuwar kwamfuta tana ɗauka. Ki shiga shafin hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ki kwaso rahoton zazzaɓin Lassa na mako-mako na shekara biyu ko uku, ki zuba da hannunki, ki ɓoye makonni huɗun ƙarshe, ki yi hasashensu sannan ki buɗe ki ga nisan da kika faɗi. In kin yi ki turo min hoton jadawalin mu duba tare.