Amsa ga Malama: sunan da aka rubuta a cikin takalmi

Malama, barka da warhaka. Kin tambaya cewa tunda waɗanda suka tsira daga kisan ƙare dangin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa a Yaƙin Duniya na Biyu sun kusa ƙarewa, mafi ƙuruciyarsu ma ya kai shekara 80, ta yaya ake adana labarinsu da kayansu, kuma anya za a dogara da tunanin tsoho bayan wannan tsawon lokaci. Ni aikina kula da ɗakin karatu ne, amma na yi shekara biyu ina karatu a Krakow ta ƙasar Poland, na je Auschwitz, sansanin kisa mafi girma na 'yan Nazi wanda yanzu gidan tarihi ne, sau uku, kuma na taɓa aikin sa-kai na shigar da sunaye a kwamfuta. Abin da na gani da wanda na koya a can shi zan faɗa miki.

Zuwana na farko abin da ya tsaya mini a rai takalma ne. Gidan tarihin, wanda aka kafa a 1947, yana riƙe da takalma kimanin 110,000 da akwatuna kusan 3,800, fiye da rabinsu ɗauke da sunan mai su da fenti, domin an yaudari mutane cewa za su karɓi kayansu daga baya. Sai dai in kin tsaya gaban tulin takalman nan a bayan gilashi, bayan minti kaɗan idonki zai gaji, ki daina ganin mutane, ki koma ganin tsibi. A wurin da aka kashe mutum kusan miliyan 1.1, wajen miliyan ɗaya daga cikinsu Yahudawa, yawan kansa yana toshe tunani. To a 2020 masu gyaran kayan tarihi suna duba takalman yara sai suka ga rubutu a cikin wani: Amos Steinberg, da lambar jirgin ƙasan da aka ɗauko shi. Aka bi lambar cikin takardu, aka gano yaro ne daga Prague ta ƙasar Czech, haifaffen 1938. Takalmin ya yi shekara 75 a cikin tsibi yana shiru, sai da aka haɗa shi da takarda ya zama na wani. Duk abin da zan faɗa a ƙasa yana komawa ga wannan.

Gyaran da ake yi wa kayan ma ba irin wanda muka saba ba ne. Ba a shafa wa takalmin mai ya yi sheƙi, ba a ɗinke inda ya yage. Ana share ƙura, a tsayar da tsatsar ƙusoshi don kada ta ci fatar, a ɗauki hoto, a auna, a ba shi lamba, a ajiye inda ake daidaita zafi da laima. In aka mayar da shi sabo an ɓata shaida. Akwai kuma gashin mata kusan tan biyu a wani ɗaki da aka hana ɗaukar hoto a ciki, yana dusashewa a hankali, launinsa duk ya koma ɗaya. An daɗe ana muhawara ko a binne shi ne tunda ɓangaren jikin mutum ne. Ni kaina, da tarbiyyar da muka samu kan haƙƙin mamaci, na fito daga ɗakin zuciyata ta fi karkata ga a binne, amma na fahimci masu cewa in aka rufe shi da ƙasa, masu musun abin ya faru za su sami bakin magana.

Labarin da ya fi koya mini aikina shi ne na Warsaw, babban birnin Poland. A unguwar da aka killace Yahudawa, wani masanin tarihi, Emanuel Ringelblum, ya haɗa mutane a asirce suna tattara komai tun abin yana faruwa: wasiƙu, katin rabon abinci, rubutun 'yan makaranta, sanarwar Jamusawa, har takardar alewa. Da suka ga mutuwa ta matso, suka zuba kashi na farko a akwatunan ƙarfe goma, na biyu a manyan gwangwanayen madara biyu masu murfi, suka binne a ƙarƙashin gini. An kashe Ringelblum a 1944. Cikin dukan ƙungiyar mutum uku ne suka rayu, kuma ɗayansu, Hersh Wasser, shi ya taimaka aka gane wurin a cikin kufai. An tono akwatunan a Satumban 1946, gwangwanayen a Disamban 1950, kashi na uku kuwa har yau ba a same shi ba. Ga abin da ya ja hankalina a matsayin mai kula da takardu: ruwa ya shiga akwatunan, fumfuna ta ci wasu shafuka, tawada ta zube, amma na cikin gwangwanin madara sun fito da lafiyarsu saboda murfin ya kama sosai. Da mutum ukun nan sun mutu kamar sauran, da wataƙila komai yana nan a ƙasa.

Maganar ɗaukar murya kuwa ta fara tun da wuri fiye da yadda ake zato. A 1946 wani masanin halayyar ɗan'adam daga Amurka, David Boder, ya zaga sansanonin 'yan gudun hijira a Faransa, Suwizalan, Italiya da Jamus da wata na'ura mai naɗar magana a kan siririyar waya, ya yi hira da mutum wajen 130 tun ciwon yana ɗanye. Daga baya na'urar ta zama tsohon yayi. Wani naɗi na waƙoƙin da waɗanda suka tsira suka rera masa ya yi shekaru ana ɗauka ya ɓata, ashe yana jami'ar Akron ta Amurka cikin gwangwanin da aka yi kuskuren rubuta sunansa, kuma sai da suka harhaɗa na'ura daga tsofaffin sassa kafin a ji abin da ke ciki. A 1979 aka fara ɗaukar bidiyo a garin New Haven na Amurka, aikin da ya koma jami'ar Yale, inda yanzu akwai shaida sama da 4,400. Sai gidauniyar Shoah da mai shirya finafinai Steven Spielberg ya kafa a 1994, wadda cikin kimanin shekara biyar ta ɗauki hira kusan 52,000 a ƙasashe 56 cikin harsuna 32. Ɗaukar ba ita ce ta fi cin wahala ba. Sai da aka bi hirarrakin minti-minti ana rubuta sunan gari da na mutum da abin da ake magana a kai, sannan aka kwashe su daga kaset zuwa kwamfuta. In ba haka ba, wa zai zauna ya kalli abin da ya fi shekara goma ana kallo ba dare ba rana don neman ƙauye ɗaya?

Yanzu tambayarki ta biyu, wadda ita ce mai nauyi. Eh, tsofaffi suna kuskure, kuma masu aikin ba sa ɓoyewa. Dori Laub, likitan ƙwaƙwalwa da ke cikin waɗanda suka fara aikin New Haven, shi ma wanda ya tsira ne, ya ba da labarin wata mata da ta ce ta ga bututun hayaƙi huɗu sun tashi da wuta ranar boren fursunonin Birkenau, wani ɓangare na Auschwitz, a Oktoban 1944, alhali ɗakin ƙona gawa ɗaya ne aka lalata. Wasu masana tarihi suka ce a ajiye shaidarta gefe. Shi ya ce a'a, ta shaida abin da takarda ba za ta iya ba, wato yadda abin ya kasance a idon wadda ba ta taɓa zaton wani zai ɗaga hannu a wurin ba. Ra'ayina, adadi da kwanan wata a neme su a takarda, a gwada da shaidar wasu, kamar yadda malamanmu ke bin ruwaya ta hanyoyi da dama kafin su natsu. Amma kada a gyara wa mai magana bakinsa. A bar kuskuren yadda ya faɗa, a rubuta bayani a gefe.

Takardun ma ba su tsira daga kuskure ba. Lokacin kullen korona a 2020 na shiga aikin sa-kai na rumbun Arolsen da ke Jamus, mai takardu kusan miliyan 30 game da mutum miliyan 17.5. Za a nuna miki hoton katin fursuna, ki buga suna da ranar haihuwa, kuma wasu su buga katin nan daban don a gwada. Na ga yadda magatakardan sansani ke rubuta sunan ɗan Poland ko Hungary da kunnen Bajamushe, suna ɗaya ya fito iri uku. Ita kuwa Yad Vashem, cibiyar tunawa da Yahudawan da aka kashe, a birnin Ƙudus, tun shekarun 1950, take karɓar takardar shaida daga dangi, shafi ɗaya ga mamaci ɗaya, har, haɗe da wasu takardu, suka tara sunaye sama da miliyan 4.8 cikin miliyan shida da aka kashe. Na san wani zai kawo maganar siyasar yau da jin sunan wurin, kuma ina da nawa ra'ayin a kai, amma yaron da ya mutu a 1944 ba shi da hannu a ciki. Wannan salon aikin kuma ya yi wa wasu amfani, domin gidauniyar Shoah ta haɗa da shaidar waɗanda suka tsira daga kisan ƙare dangin da aka yi a Ruwanda a 1994.

In don ɗalibanki kike tambaya, ki fara musu da hirar mutum ɗaya, su san garinsu da sunan mahaifiyarsa, kafin ki kawo miliyoyi. Ni na koyi wannan ne a makare. Kakana yana cikin sojojin da Turawa suka kai ƙasar Bama (Burma) a wannan yaƙin, kuma ina saurayi na ɗauki hirarsa a kaset biyu, na jefa a akwati ban rubuta komai a jiki ba. Da na dawo daga Poland na nemo su, ɗaya zafi ya manne zaren, ɗayan kuma aka samu aka kwashe. A ciki yana ta ambaton wani abokinsa da ya rasu a bakin wani kogi, da laƙabi kawai yake kiransa, ni kuma a lokacin ban katse shi na tambayi sunansa na yanka ko garinsu ba. Na bi tsofaffin gidanmu ɗaya bayan ɗaya da muryar a waya, babu wanda ya gane ko wane ne.