Jika 100 ɗinka ba ta talla ba ce tukuna

Wani matashi mai gyaran salula a babbar kasuwar Maradi ya rubuto mini. Ya haɗa manhajar da 'yan kasuwa za su riƙa rubuta bashi a ciki, ya tara jika 100 yana so ya zuba a tallar Facebook, amma wasu sun ce masa tana rufe kanta.

Ƙanena, Allah ya yi albarka, na ji daɗin wannan ƙoƙari. Sai dai riƙe kuɗinka tukuna. Ɗan kasuwar da ya rubuta bashin buhu 20 na shinkafa, ya buɗe da safe ya tarar babu, ya koma ga littafinsa ke nan, kuma kafin azahar duk layinsu ya ji.

Fara da gyara. Ka bar gwada ta a wayarka mai tsada. Nemi tsohuwar Itel ko Tecno wadda hotuna suka cika, irin wadda ake kawo maka gyara kullum. Sa Firebase Crashlytics, kayan aikin Google na gano matsalar manhaja, a cikin manhajarka, kyauta ne, zai nuna maka daidai inda ta faɗi da irin wayar. Kuma lallai ta yi aiki ko babu rezo, ta ajiye komai a cikin waya, in intanet ya dawo ta tura kwafi. Kada ka manta mutanenmu da ke ɗauko kaya ta Jibiya da Katsina, da naira da sefa suke lissafi. Ba su duka biyun.

Don sa manhaja a Play Store, kasuwar manhajoji ta Google, dala 25 ta Amurka ake biya sau ɗaya, wajen jika 15. Google na buƙatar sabon asusu na mutum ɗaya ya samu mutum 12 su gwada manhaja kwana 14 a jere kafin a sake ta. Wannan sharaɗin alheri ne gare ka. Zaɓi masu shago 12, ka zauna kan bencinsu, ka yi shiru ka kalli inda yatsansu ke tsayawa. Da yawa karatu na ba su wuya, don haka manyan lambobi da saƙon murya za su fi musu sauƙi. Kasuwar Apple ta masu iPhone kuwa dala 99 ce duk shekara, bar ta sai gaba.

Batun samun kuɗi, tallar cikin manhaja ba za ta ciyar da kai ba da mutum ɗari. Bar musu wata ɗaya kyauta, sannan ka yanka kuɗin wata kaɗan, su biya ta Airtel Money, Nita ko hannu da hannu. Idan biyar cikin 12 ɗin nan suka biya ba ka roƙe su ba, sake rubuto mini mu tsara tallar, mu fara da jika 10.