Motar da ba direba: tsoho za ta kaɗe ko yaro?

Tambaya: Wayata kullum sai ta ce wuri ya cika, alhali ni ban cika ɗaukar hoto ba. (Wata Hajiya, Tarauni)

Amsa: Hajiya, aikin zaurukan biki da na suna ne. Shiga WhatsApp ki hana shi sauke hoto da bidiyo da kansa, ki share na bara. Amaryar ma ai ta haihu.

Tambaya: Malam, muna ta gardama a majalisa. In motar nan mai tuƙa kanta ta zo inda ba makawa sai ta kaɗe mutum, tsoho a dama, yaro a hagu, wa aka koya mata ta zaɓa? (Wani ɗalibi, Kabuga)

Amsa: Ɗan'uwa, kai ne na huɗu da ya aiko min wannan tambaya, kuma na fara gajiya da ita. Ta girmi motar kanta. Tun 1967 wata masaniyar falsafa 'yar Ingila, Philippa Foot, ta kawo misalin tarago da ya ƙwace, ko ya bi ta kan mutum biyar ko a karkatar da shi kan mutum ɗaya. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka maida ita wasan intanet, suka tara amsa kusan miliyan 40 daga ƙasashe da yankuna 233, suka fitar da sakamako a 2018. Yawanci sun ce a ceci mutum kafin dabba, a ceci masu yawa, a ceci yara. Sai dai a ƙasashen gabas irin su Japan da Saudiyya, fifita yaro a kan dattijo bai yi ƙarfi sosai ba. Wannan bai ba ni mamaki ba, mu ma nan ba a raina furfura.

Jamus kuwa ta rufe ƙofar tun 2017. Kwamitin da gwamnatinta ta kafa ya ce ran mutum yana gaban dukiya da dabba, amma ba a yarda mota ta tantance mutane da shekaru ko jinsi ko lafiyar jiki ba. A nan ina tare da su. Ranar da aka bar kamfani ya rubuta wa na'ura darajar rai, to mai tura kurar ruwa ya san matsayinsa.

Amma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, haɗarin gaske ba haka yake zuwa ba. A watan Maris na 2018, a garin Tempe na jihar Arizona, motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta kashe wata mata da ke tsallaka titi da dare tana tura keke. Ba wani zaɓi tsakanin tsoho da yaro. Na'urar ta hango ta daƙiƙa 5.6 kafin karo, ta yi ta sauya ra'ayi: mota ce, a'a wani abu ne, a'a keke ne. Ba a koya mata cewa mutum na iya tsallakawa inda ba zanen tsallakawa ba. An kuma kashe birkin gaggawa da motar ta zo da shi, ita kuma wadda aka ajiye a kujerar direba don ko-ta-kwana hankalinta na kan waya.

To ɗauko wannan motar ka ajiye ta a bakin Kantin Kwari da la'asar. Ga ɗan adaidaita sahu ya yanko ba sigina, ga ɗan dako da dila a ka ta rufe masa rabin jiki, ga akuya, ga mai rake. Wane suna za ta ba ɗan dakon nan? Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa, ba lokacin falsafa. In abu ya ƙure, taka birki iya ƙarfi ya fi fizgar sitiyari a mafi yawan lokuta. Ke nan hukuncin gaskiya tun a baya aka yanke shi: gudu nawa aka yarje mata, tazara nawa za ta bari, yaushe za ta ce ban gane ba ta tsaya.

Sauran tambayar da ta fi taka nauyi: in ta yi kisa, wa za a kama? A wurinmu kisan kuskure yana da diyya. Mai motar ne, ko kamfanin, ko wanda ya rubuta manhajar? Ku kai wa malamai wannan. Ku kuma 'yan majalisa, wanda bai taɓa duba saƙo yana tuƙi a Titin Zariya ba ya ɗaga hannu.

Tambaya: Wani ya kira ni ya ce lambobi shida sun shigo wayata bisa kuskure, in karanto masa. (Wani ɗan kasuwa, Kurna)

Amsa: Alhaji, kashe kiran. WhatsApp ɗinka yake nema don ya roƙi 'yan'uwanka kuɗi da sunanka. Kunna tabbaci mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da kake sa wa WhatsApp ɗinka, yau ɗin nan, na faɗa har bakina ya yi tsami. In ka riga ka karanta masa, sake rajista da layinka yanzu, sannan ka kira yayarka kafin ta tura.