Tambaya da Amsa: Koren ƙwaro mai wari a lambun tumatir da kuɓewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da lambun tumatir da kuɓewa a Kadawa. Wani koren ƙwaro mai faɗin baya kamar garkuwa ya addabe ni, in na taɓa shi sai wari ya cika mini hannu. Ga kuma wasu ƙanana baƙaƙe masu ɗigon fari a jikin ganye. Na yi feshi sau biyu, ba su ƙare ba. Ƙwari iri biyu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Iri ɗaya ne, uwa ce da 'ya'yanta. Masana suna kiransa Nezara viridula, tsawon babban kusan milimita 13 ne. Warin nan makaminsa ne, daga wasu ƙofofi a ƙirjinsa kusa da ƙafafu yake fitowa.

Macen tana jera ƙwai a bayan ganye, 30 zuwa 130 a wuri guda, manne da juna kamar saƙar zuma, kowanne da siffar 'yar ganga. Da farko ruwan madara ne mai ɗan rawaya, in sun kusa ƙyanƙyashewa sai su koma ja-ja. Da zafi kwana 5 zuwa 7 ya ishe su. 'Ya'yan da suka fito ba sa cin shuka, cunkushewa suke yi a kan ɓawon ƙwan na 'yan kwanaki har su yi saɓar farko. Saɓa 5 suke yi kafin su yi fiffike, launinsu yana sauyawa daga baƙi mai ɗigo zuwa kore, abin da ke sa mutane su ɗauka wani ƙwaro ne dabam. Daga ƙwai zuwa girma kusan mako 5 ne da zafi, da sanyin hunturu kuwa ya fi haka.

Feshinka bai ci ba saboda babban yana da fiffike: ya tashi ya sauka a ciyawar gefe, ya dawo bayan ƙarfin maganin ya ragu. Ƙwan ma yana bayan ganye, inda feshi bai cika kaiwa ba. Don haka a bayan ganyen nan za ka ci yaƙin. Sau biyu a mako, daga lokacin da shuka ta fara fure, ka bi layi kana juya ganye. Ka tsinke wanda ke da ƙwai ko cunkuson 'ya'ya, ka murje. Amma in ka ga ƙwan ya yi baƙi, don Allah ka bar shi. Wani ɗan mitsitsin zanzaro ne ya sa nasa ƙwan a ciki, shi zai fito, ya bi sauran ƙwan lambun ya lalata maka su kyauta. Feshi barkatai zanzaron nan yake fara kashewa.

Manyan kuma da sassafe ake kama su, kafin jikinsu ya yi ɗumi. Ka tara bokitin ruwan sabulu a ƙarƙashin reshe ka girgiza, ɗabi'arsu ce su saki jiki su faɗo.

Tambaya: Tumatirina yana nuna da tabo fari-fari ko rawaya, in na yanka sai in ga wurin ya yi tauri kamar soso. Cuta ce? Ni uwargida ce, a bayan gida nake shuka.

Amsa: Hajiya, da alama aikin ƙwaron nan ne. Bakinsa kamar allura yake, ya soka a ɗanyen tumatir, ya zuba yawun da ke narkar da naman wurin, ya tsotse. Ba a ganin tabon sosai sai ya fara nuna. Haka yake lanƙwasa kuɓewa, ya kuma sa ƙwayar wake ta motse a cikin kwanso. Ki yanke wurin ki yi miyarki, sai fa in ruɓa ta shiga ta hudar.

Ga ƙananan ƙwarin, 'ya'yan darbejiya suna taimakawa. Ki shanya su, ki ɓare, ki daka gram 50 na ƙwayar a kowace lita ɗaya ta ruwa, ya kwana a jiƙe. Ki tace da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe bakin abin feshi, ki ɗan sa sabulu, ki fesa da yamma, har bayan ganye. Rana tana kashe ƙarfinsa, shi ya sa ake maimaitawa duk mako, kuma ba a ajiye wanda aka jiƙa. Kada ki sa ran ganinsu a mace nan take, cin abinci da saɓa yake hana su. Ki kuma nome ciyawar da ke kewaye, in kina da wake kusa da tumatirin ki fara dubawa daga can, don sun fi son sa.