Amsa kan gudun miƙa sanda daga Tawa zuwa Ƙonni: waya kaɗai ba ta isa

Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya, ka ce ƙungiyarku ta matasa tana shirin gudun miƙa sanda daga Tawa zuwa Birnin Ƙonni, kana so ka sani ko gurup na WhatsApp da kiran waya sun isa ku bi 'yan gudu ko sai kun nemi masu rediyon sha'awa, wato masu lasisin magana da juna ta rediyo don son abin kawai, su kama muku. Na ga kuma wasu sun ce maka ai yanzu ko'ina akwai rezo, mi za ku yi da talki-walki kamar sojoji. Don Allah kar ka bi wannan shawarar. Na daɗe cikin harkar rediyo, na tsaya bakin hanya a tseren keke da gudun ƙafa a matsayin ɗan sa-kai, kuma abin da zan faɗa maka abin da idona ya gani ne.

Ba wai rezo babu ba, akwai shi a garuruwa. Matsalar waya ita ce mutum biyu kawai take haɗawa. Yaro ya faɗi a kilomita 60, wanda ke wurin ya kira shugaba, shugaba yana kan wani kiran, ya sake kira, ya samu, shugaba ya kira direban ambilans, shi kuma wayarsa tana cikin aljihu mota tana ƙara bai ji ba, ka ga minti goma sun tahi yaro yana kwance bisa gudron cikin rana. A rediyo kuwa magana ɗaya za ka yi kowa ya ji lokaci guda, mai ambilans ya ji, motar da ke bayan 'yan gudu ta ji, tashar miƙa sanda ta gaba ta ji ta san kar ta jira wannan ƙungiyar yanzu. Gurup na WhatsApp kuma, wallahi ranar tsere cika yake da hotuna da "Allah ya ba da sa'a" da muryoyi na minti uku uku, saƙon da ke da rai a ciki sai ya nutse. Ku riƙe waya, tana da amfani, amma ta zama ta biyu.

Hanyar da kunka zaɓa ta haura kilomita 120, kuma kai ka san ƙasar Adar ba shimfiɗe take ba, akwai tudu akwai kwari, wajen Badagishiri hanya tana gangarawa sosai. Wannan shi ne abin da ya fi damun rediyo. Ƙananan na hannu irin Baofeng ɗin nan da sunka cika kasuwa ƙarfinsu wajen wat 5 ne, suna aiki a zangon mita 2, wato 144 zuwa 146 megahaz a yankinmu na Afirka, kuma muryarsu kusan inda ido ke iya kaiwa nan take kaiwa. Mutum biyu a tsaye a fili, lissafi yana ba da wajen kilomita 10, amma a zahiri in ka samu 4 ko 5 ka gode Allah, in tudu ya shiga tsakani kuma ko 2 ba ka samu. Kar ka yarda da abin da anka rubuta a jikin kwali. Maganin abin tsawo ne, ba ƙarfi ba. Ka ɗaga anten bisa ƙarfe mai mita 10 sai ka ga ka kai kusan kilomita 18 zuwa ga mai na hannu, in duka ɓangarorin biyu sun ɗaga haka ana iya haura 25. Shi ya sa muke neman tudu mu ajiye mota mai babban rediyo na wat 50, mutum ya zauna nan yini guda aikinsa kawai ya karɓi magana daga kwari ya miƙa gaba. In an samu na'urar maimaita murya da za a girka bisa tudun to madalla, in babu mutum ya isa.

Tsakanin Tawa da Ƙonni kai tsaye kuwa sai gajeren zango. Da rana 7 megahaz, anten na wayar ƙarfe mai tsawon wajen mita 20 a ɗaure ƙasa-ƙasa tsakanin icce biyu, muryar ta hau sama ta dawo ta rufe ɗaruruwan kilomita ba ruwanta da dutse. Wannan ba aikin ɗan koyo ba ne, sai mai lasisi da ya saba.

To ga inda nake so ka buɗe kunne da kyau, maganar takarda. Rediyon sha'awa ba a taɓa shi sai da izini, a nan Nijar hukumar sadarwa ta ARCEP ce ke da hurumin rabon mita, kuma alamar kiranmu, wato lambar da ake gane kowane mai lasisi da ita a iska, da 5U take farawa. Mu masu wannan alamar ba mu da yawa a ƙasar nan, kar ka yi zaton za ka tara mutum talatin. Ba za ka sayo Baofeng goma ka raba wa yara su hau mitarmu ba, doka ba ta yarda ba, kuma a halin tsaron da muke ciki yanzu yaro ya tsaya bakin hanya da rediyo a hannu da anten a sama ba takarda a aljihu, kai ma ka san abin da za a ɗauke shi. Ku rubuta wa ARCEP da wuri ku bayyana rana da hanya da yawan na'urori, ku kai wa gwamna takarda, ku gaida prefe na kowane yanki da za ku ratsa, jandarma su san lambar kowace mota da sunan kowane mai riƙe da rediyo, kowa kuma ya riƙe kwafin izinin a jikinsa. In hukuma ta ce wannan yanki a'a, ko ta ce ba gudun dare, to magana ta ƙare, ku gajarta hanya. Ni ko an bari ma ba na goyon bayan gudun dare bisa hanyar da kamiyo ke bi.

Na'ura dai ana samu. Abin da ke wuya shi ne tsari, kuma nan ne na ga ana faɗuwa. Dole a samu mutum ɗaya mai riƙe da zaure, shi ke ba kowa izinin magana, kamar ɗan kamasho a tasha, shi ke cewa wace mota ke lodi wace ke jira. Ba wanda zai kira wani kai tsaye sai ta wurinsa. Ku zaɓi mai sanyin rai, mai murya a fili, wanda ba ya ruɗewa in mutum uku sun yi magana tare, kuma kar ya zama shugaban ƙungiya, shi shugaba ranar nan kowa na jan rigarsa. A zaunar da shi kusa da shugaba da likita, gabansa kaye da bik da agogo, duk abin da anka faɗa ya rubuta da lokacinsa. Wannan kayen ne zai raba gardama da yamma in wata ƙungiya ta ce an cuce ta a wurin miƙa sanda.

Magana kuma gajera. "Tasha ta 7, lamba 23 ya miƙa, takwas da minti goma." Shi ke nan, ka saki maɓalli. Mu Hausawa sai mun yi ina kwana ina gajiya ya iyali, abu ne mai kyau amma ba a nan ba, don muddin kana danne da maɓalli ba wanda ke iya shigowa ko da rai ne ke fita. Ku yi gaisuwarku da asuba kafin a fara. A ware kalma ɗaya, misali "gaggawa", duk wanda ya faɗe ta kowa ya yi shiru. Kuma ba a faɗin sunan ɗan gudu a iska, lambar rigarsa ake faɗi, don kowa mai rediyo yana iya saurare kuma mu doka ta hana mu ɓoye magana. Na ga uwa ta ji labarin faɗuwar ɗanta daga bakin ɗan kallo kafin likita ya isa gare shi, alhali jiri ne kawai, halin da matar nan ta shiga ba na so a sake ganinsa. Bayanin rashin lafiya filla-filla a koma waya.

Motar ƙarshe, wadda ke bin ɗan gudu na baya, ita ce ta fi kowace muhimmanci a wurina kuma ita ake rainawa. Ba tashar da za ta naɗe kaya sai motar nan ta wuce ta kuma mai zaure ya ce a tashi. A wani tsere da munka yi, masu ba da ruwa sun ga shiru sunka ɗauka kowa ya wuce sunka tahi, ashe akwai yara biyu a baya, rediyon motar ƙarshe ne ya sa anka juyo musu da ruwa.

Wannan aiki ba mu munka ƙirƙiro shi ba. A Amurka akwai gudun 'yan sanda daga Baker zuwa Las Vegas, mil 120 wato wajen kilomita 190 cikin hamada, an raba shi zango 20, kuma masu rediyon sha'awa ne ke zuwa sa-kai su riƙe musu sadarwa. Ƙasar da ta fi mu eriyar waya nesa ba kusa ba ke nan. Su har da na'urar da ke aika inda mota take bisa taswira ta rediyo suke aiki, APRS ake ce mata, ku ba sai kun kai can ba a karon farko.

Wuta kuma kar ku yi wasa da ita. Kowane na hannu batir biyu cike, babban na mota yana jan wajen amfiya 10 in ana magana, saboda haka a ba shi batir nasa dabam da pano, kar a wayi gari mota ta ƙi tashi a daji. Rediyo ba ya son rana, a yi masa inuwa, mai riƙe da shi ma haka, don shi ma yini zai yi a tsaye, a tanadar masa ruwa da abinci da wanda zai canje shi ya yi salla. Ban ga ka faɗi wata ba. In kuna da zaɓi ku sa abin a Disamba ko Janairu, a tashi bayan sallar asuba. Afrilu da Mayu zafin Tawa yana haura digiri 40, wannan ba lokacin sa 'ya'yan mutane gudu ba ne ko da rediyo ɗari gare ku.

Kuɗi ba mu karɓa, ƙa'idar rediyon sha'awa ce ba a yin sa don lada, ku dai ku ji da man mota da abinci. Abin da nake roƙo shi ne kar ku kira mu saura kwana uku. Kafin ranar sai an bi hanyar nan da mota biyu, a tsaya duk inda za a miƙa sanda a gwada murya, inda ba ta kai ba a rubuta, a matsar da tashar ko a nemo tudu, a kuma duba inda waya ke kamawa da inda ba ta kamawa, a san likita mafi kusa da kowane zango. Sannan a tara yaran da za su tsaya tasha a yi gwajin magana ko a filin lakwal ne, mutum ya saba da danna maɓalli ya ɗan jira kafin ya buɗe baki don kar farkon maganarsa ya yanke.

Ka turo mini ranar da kunka tsayar da yawan ƙungiyoyi da wuraren miƙa sanda ta akwatin sirri, zan tuntuɓi abokan da ke Yamai in ji wa zai samu zuwa, in Allah ya yarda mu sa wata Asabar mu bi hanyar tare. Takardar ARCEP kuwa ku fara ta cikin satin nan.